Mahaifar da Na Binne a Maleshiya

Shekara talatin da 'yan kai ina karɓar haihuwa a Kwamba, cikin Suleja. Ban taɓa zama a aji ba, kuma ban taɓa yarda da abin da hannuna bai taɓa ba. Da wannan hali na je Maleshiya, lokacin da aka yi wa autata Bilkisu aiki aka ciro mata ɗa namiji. Shekararta huɗu tana karatu a can. Mijinta yana aiki a Abuja, takardar tafiyarsa ba ta fito ba, tawa ta fito, sai wankan jego ya faɗo kaina.

Zangon farko wani filin jirgi ne a ƙasar Larabawa, inda aka ce mu jira rabin yini. Sanyin na'ura ya shiga ƙashina, ga shi ban san gabas ba. Ina zaune rungume da jakata sai ga wani saurayi ɗan ƙasarmu, ya sha ƙamshi, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, rabi Hausa rabi Turancin kasuwa. Wai kayansa sun yi yawa, in taimaka in riƙe masa wata 'yar jaka, magani ne na ƙanwarsa. Na ce masa ni ungozoma ce, na san magani, ya buɗe in gani. Ya yi dariya ya ce ai a rufe take tun daga kanti. Na ce to ta zauna a rufe a hannunsa. Bayan ɗan lokaci na hango shi ya durƙusa gaban wata tsohuwa daban. Na ɗauki jakata na je na zauna tsakaninsu, ina dai kallonsa, har ya tashi.

Wata mai shara ce ta cece ni a wurin nan. Ta ga ina waige-waige da buta a hannu, ta ajiye tsintsiyarta ta kai ni wurin alwala, ta nuna mini alƙibla, ta kuma raba burodinta biyu ta ba ni rabi. Ban san ƙasarta ba, ban san sunanta ba, amma har yau tana cikin addu'ata.

Da muka sauka Maleshiya ma'aikata suka buɗe kayana. Suka ɗauke kilishi, suka ɗauke daddawa suna toshe hanci. Da suka zo kan kanwa suka tsaya suna juya ta, suna kiran juna. Na ɓalli guntu na lasa a gabansu, na kwatanta jariri a hannu, na nuna ƙirji. Wata a cikinsu ta gane, ta mayar mini da ita cikin jaka.

A bakin ƙofa wata dattijuwa gajeruwa tana ɗaga hotona sama, ba sunana ba, don Bilkisu ta san rubutu ba zai amfane ni ba. Maƙwabciyarta ce. Can dattijuwa Makci ake ce mata, ni ma haka na riƙa kiranta har na dawo. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarensu. Salama da Fatiha da nuni da hannu, da su muka yi zaman wata guda da 'yan kai.

Kai tsaye asibiti ta kai ni. Kwana uku ke nan da aikin. Bilkisu ta rame, ta yi fari. Jaririn yana da shawara, an kwantar da shi ƙarƙashin wata fitila shuɗiya, an ce sai ya warke za a sallame su. Na miƙa hannu zan duba cikin 'yata, kamar yadda nake yi wa kowace mai jego, nas ta riƙe mini hannu ta girgiza kai. Ni, a riƙe mini hannu a kan cikin da ni na haifa. Na haɗiye. Da za mu tafi Bilkisu ta ce mabiyiyar tana gida cikin firiza, asibiti sun ba su, ni ake jira in binne.

Gidan hawa na goma sha ɗaya ne. Babu tsakar gida, babu murhu, babu inda mutum zai zubar da ruwa. Na buɗe firiza na sami mabiyiyar cikin leda. A bayanta kuma akwai wata roba mai murfi. Ni ba na ganin abu a rufe in wuce. Na buɗe, na ga wani abu a daskare, launin nama, girman gwanda matsakaiciya. Na sa shi cikin ruwa ya saki, na juya shi a hannu. Sama faɗi, ƙasa ya tsuke, ga wuya, ga baki. Na danna, ya ba da kai ya dawo.

Na zauna a ƙasa ina dubansa. Na san mahaifar akuya da ta saniya, kuma sau ɗaya a rayuwata na ga ta mutum, ranar da ta wata mata ta biyo haihuwa ta fito. Na haɗa abin a raina: an yanka yarinya, an hana ni taɓa cikinta, ta yi fari, ba ta son dogon zance. Sun cire mata mahaifa ke nan, daga haihuwar fari, ita kuma tana ɓoyewa don kada dangin miji su ji. Abin bai yi ƙarni ba, na lura da haka, amma na ce ai maganin asibiti ne.

Ban tambaye ta ba. Abin da 'ya ta ɓoye wa uwarta don kunya, uwa ba ta tona shi a gadon asibiti. Na wanke su duka biyun, na naɗe cikin farin ƙyalle guda, yadda ko Makci ba za ta gani ba. Ita ta kawo gishiri da tsamiya, ashe haka su ma suke yi wa tasu, ta kai ni gonar ɗan'uwanta a bayan gari. Na haƙa rami gindin bishiyar kwakwa da hannuna, na yi bisimilla na rufe.

Kwana biyar na yi ina ɗauke da wannan dutse. In dama kunun kanwa in kai asibiti, in yi mata fara'a, in shiga banɗaki in share ido. Kewar gida ta taso ni gaba a kwanakin nan. Ruwa kullum la'asar, abinci duk da madarar kwakwa, ko shinkafa sai an yi mata zaƙi. Nakan tsaya a taga ina neman ƙarar Keke Napep, ko muryar Maman Chidi mai shago a ƙofar gidanmu tana faɗa da mai kawo mata burodi. Ba komai sai motoci can ƙasa kamar tururuwa.

Ranar da aka sallame su, ina shigar da Bilkisu ɗaki na ce ta kwanta, yau babu nas. Na ɗora tafin hannuna ƙasan cibiyarta, sama da ɗinkin, na danna a hankali. Ga mahaifar nan. Zagaye, da tauri, tana komawa mazauninta kamar ta kowace mai jego. Na sake dannawa. Tana nan daram.

Ina cikin hamdala a zuci sai wata tambaya ta sare ni: to ni me na binne?

Kafin in buɗe baki ta ce, "Inna, don Allah ɗauko mini farar robar nan ta cikin firiza. Ta daɗe da yawa, ya kamata a mayar da ita ruwa."

Na zauna bakin gado na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta dube ni. Ta fara dariya, ɗinki ya ja ta, ta riƙe ciki, dariyar ta juye kuka. Ban taɓa ganin Bilkisu tana irin wannan kuka ba, har da shessheƙa kamar ƙaramar yarinya.

Da ta natsu ta yi mini bayani, karo na farko da na zauna na saurari abin da take karanta. Ni a da cewa nake likitanci take yi. Ashe mahaifa take ƙerawa, ta gwaji. Akwai wata 'yar na'urar sikanin mai ɗaukar hoton ciki, wadda ba ta fi tocila girma ba, ana haɗa ta da waya, ana so a kai ta ƙananan asibitocin ƙauye. Amma kafin a ɗora ta a kan mace mai rai, dole a tabbatar tana gani daidai. Mace mai rai kuwa ba a tsaga ta a duba ko na'ura ta faɗi gaskiya. Shi ya sa ake ƙera mahaifar da aka san abin da ke cikinta, don mutum da kansa ya sa shi, sai a ga ko na'urar za ta gano. Abin da Bilkisu ta ɓoye a cikin tata shi ne kwatankwacin guntun mabiyiya, irin wanda ke maƙalewa bayan haihuwa. Da ciki ya tsufa ta kasa zirga-zirga, ta kawo ta gida tana ƙarasawa, sai naƙuda ta zo kafin lokaci.

Saura kwana goma sha shida malamanta su zauna su ga gwajin. Sun riga sun ɗaga mata sau ɗaya saboda cikin. Takardar zamanta a ƙasar ƙarshen watan gobe za ta ƙare. In babu mahaifar, babu gwaji, shekara huɗu sun tafi a banza.

Na tambaye ta me ya sa, duk abin da ke duniya, guntun mabiyiya ta zaɓa. Ta ce, "Talatu."

Talatu matar wani manomi ce a ƙauyen Iku. Ni na karɓi haihuwarta, mabiyiya ta faɗo, na duba na ga kamar cikakkiya ce. Kwana huɗu jini bai tsaya ba, na je na shafa cikinta na ce lafiya lau, a ƙara mata ruwan zafi. Rana ta tara zazzaɓi ya ɗauke ta a hanyar asibiti. Bilkisu tana 'yar shekara goma sha biyu lokacin. Ban san ta riƙe abin ba. Ban taɓa ambatar sunan nan ba tun ranar, ita ma haka.

Washegari muka koma gonar da Makci, na tono. Mahaifar ta yamutse, ƙasa ta shige ta ko'ina, gishiri ya cinye gefe guda, bakin fartanya ya tsaga wuyan. Makci ta dubi abin, ta dube ni, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ban ji haushinta ba. Na cancanta.

Bilkisu ta ce za ta koma makaranta ta sake. Na ce ba inda za ta, mai ɗinki a ciki, jego ko kwana goma bai yi ba. Ta ce aikin tsayuwar awa biyu ne a kan tukunya ana juyawa. Na ce tukunya? In dai tuƙi ne, ni na ɓata, ni zan tuƙa. Ta buga wa malamarta waya. Na ji matar tana dariya ta cikin wayar har tana tari. Daga baya Bilkisu ta fassara mini abin da ta ce: wai tunda ungozomar shekara talatin ta ɗauke ta ta gaske har ta yi mata jana'iza, wannan shaida ce da babu na'urar da za ta bayar, a turo ta.

Jirgin ƙasa ake shiga zuwa makarantar. Ranar farko Makci ta raka ni, ina ja da carbi, duk tsayawa ƙwaya ɗaya. Tara ne. Daga nan ni kaɗai nake zuwa, ita tana zama da mai jego. Rana ɗaya ruwa ya tsayar da jirgin, na shiga tasi na nuna wa direba takardar da Bilkisu ta rubuta. Ya yi ta zagaye da ni. Sau biyu muka wuce masallaci guda mai koren rufi, yana tsammanin ban lura ba. A na uku na buga masa kafaɗa na nuna masallacin na ɗaga yatsu uku. Ya sauke ni a wata ƙofa daban, na yi tafiyar ƙasa cikin ruwa, na isa a jiƙe sharkaf.

Malamar Bilkisu farfesa ce 'yar asalin Indiya, siririya, furfura ta cika kanta, ba ta da yawan magana. Ta ba ni farar riga da safar hannu, aka jingine waya a kan tebur, Bilkisu daga gadonta tana kallo tana fassara.

Ni mace ce mai wuyar yabo, mutanen Kwamba sun sani. Amma mutanen ɗakin nan sun burge ni. Wani farin gari suke aunawa a kan sikelin da ko numfashi ka yi kusa da shi sai ya motsa. Ruwa a auna, zafi a auna, komai a rubuta. In awo ya kauce kaɗan, ba wanda zai ce Allah na tuba a ci gaba, zubarwa suke a sake. Na ga farfesa da kanta, da girmanta, ta naɗe hannun riga tana wanke tukunya. Ana dafa garin har ya narke ya zama kamar koko mai haske, a zuba wani garin da ke sa na'ura ta gan shi kamar tsoka, a juye a mazubi, a daskarar, a narkar, a sake daskararwa. Kowane zagaye yini da kwana. Duk yadda aka ƙara zagaye, haka yake ƙara tauri.

Zubin farko injinsu ne ya juya, ni ina kallo, kuma saboda ƙurewar lokaci ba a bar shi ya huce ya sauke iska sosai ba. Bayan kwana uku aka ɗora na'ura, allon ya cika da fararen ɗigo da baƙaƙen inuwa. Kumfa ce ta maƙale a ciki. Ashe iska ita ce maƙiyar sikanin, ƙwaya ɗaya tana rufe duk abin da ke bayanta. Farfesa ta jefa shi kwandon shara ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta cikin waya na ga Bilkisu ta juya fuska bango.

Na ce a faɗa wa farfesa injin nan bugu yake yi, ba tuƙi ba. Duk macen da ta taɓa yin talge ta san in kana ɗaga muciya sama iska kake turawa ciki. Ta miƙo mini sandar gilashi. Na tsaya awa biyu, sandar ba ta bar gindin tukunya ba, hannu ɗaya, gefe ɗaya, a hankali. Abin da ya taso na kwashe da cokali kamar kumfar waken suya. Wurin zubawa na karkata mazubin, na bar shi ya gangara ta jiki da kansa. Suka kuma sa shi a injin da ke zuƙe iska, wannan karon ba gaggawa.

Da aka zo kan guntun da za a ɓoye a ciki, aka kawo mini mazubinsa, wani mulmulalle kamar goriba. Na ce wannan ba guntun mabiyiya ba ne. Ba a mulmule yake ba, a yage yake, shimfiɗe, gefensa kaca-kaca, kuma ba ya zama tsakiya, can sama yake liƙewa a bango. Na tsaga ɗaya da yatsu na nuna musu. Farfesa ta ɗauko hotunan asibiti ta jera kusa da shi, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce a yi irin nawa. Ta kuma jera mini dunƙule huɗu, ta ce wanne ne ya yi kama da mahaifar mai jego a makon farko. Na rufe ido na danna, na zaɓi na uku. Ta buɗe littafinta ta nuna wa waya. Bilkisu ta ce shi ne wanda awonsu ya nuna tun bara.

Biyu muka yi, ɗaya da guntu, ɗaya babu, kowace aka lulluɓe ta da wani kauri mai kama da fatar ciki da kitse. Suka fito sumul, saura kwana biyu.

Ranar gwaji jego kwana ashirin da huɗu. A Kwamba ni ce mai korar mai jego daga bakin zaure in arba'in bai cika ba, na sha yi wa mazaje tas a kan wannan. Da safe na yi mata wanka da ruwan ɗumi, na ba ta kunu, na ɗauko mata takalmi da kaina na ajiye a gabanta. Ta dube ni. Na ce ta sa, kafin in sake shawara. Na goya yaron muka fita.

Malamai biyar suka zauna. Bilkisu ta tsaya, hannu ɗaya a kan tebur saboda ɗinki, ta yi ta magana da Turanci. Ban ji ko kalma ba, amma na san muryar wanda ya san abin da yake faɗa. Suka yi mata tambayoyi, wani mai gilashi ya matsa mata lamba, ba ta daburce ba. Can farfesa ta yafito ni. An rufe mahaifun biyu, an sauya musu wuri, ni ma ban san wacce ce wacce ba. Aka ce in duba da hannu, yadda nake duba mace, in faɗi mai guntu.

Na danna ta farko. Na danna ta biyu. Na bi gefe, na bi sama, na sa duk abin da shekara talatin suka koya wa yatsuna. Ni na tuƙa su, ni na yaga guntun, ni na liƙa shi. Iri ɗaya na ji su. Na janye hannu na ce a faɗa musu ban sani ba.

Bilkisu ta shafa mai a bakin 'yar na'urar ta ɗora a kan ta farko. Allon ya nuna bango biyu da siririn layi tsakaninsu, fes. Ta ɗora a kan ta biyu, ta ɗan karkata hannu. Sai ga shi can sama, fari, yagagge, liƙe a bango, daidai inda na sa shi. Ta auna tsawonsa a allon. Farfesa ta ɗauki wuƙa ta tsaga mahaifar a gabansu, ta ɗora ma'auni a kan guntun. Mai gilashin ya leƙa, ya ajiye biro, ya gyaɗa kai.

Suna ta rubuce-rubuce, ni idona na kan allon. Bilkisu ta matso kamar za ta gyara wa yaron hula, ta yi ƙasa da murya.

"Inna, kin gani? Ba hannunki ne ya gaza ba. Babu hannun da zai ji shi."

Shekara goma sha takwas ina jiran wani ya faɗa mini wannan, ban kuma san ina jira ba. Na ja mayafi na rufe fuska, na ce yaron ne ya jiƙa ni, a nuna mini banɗaki.

Sun ba ta takardar kammala karatunta. Muka cika arba'in, muka dawo tare.

Waccan da na binne na tono, na roƙi farfesa ta bar mini, na kawo ta Suleja. Tana cikin bokiti mai murfi a ƙuryar ɗakina, a yamutse, da tabon fartanya. Yanzu duk mai jegon da jininta ya wuce ƙa'ida, ba na shafa ciki in ce lafiya lau. Keke nake tarewa, in sa ta a ciki, mu tafi sikanin. In miji ya fara cewa ai Inna hannunki ya isa, sai in shiga ɗaki in ɗauko bokitin, in buɗe masa, in ce ya duba abin da hannun nan ya taɓa yi wa jana'iza.